Molten BG3800 a kan simintin Maraɗi: ta cancanci kuɗinta?

Ba'amurken da ya bar gida ya tafi buga basket a ƙetare, abu na farko da yake sake koyo shi ne riƙon ƙwallo. A NBA, babbar gasar Amurka, hannunsa ya saba da ƙwallon Wilson mai yanka 8, wato fallayen fatar da aka haɗa jikinta da su, wadda ta maye gurbin Spalding a 2021. In ya sauka Japan ko Filifin, ko ya shiga gasar FIBA, hukumar basket ta duniya, sai a miƙa masa Molten mai yanka 12, ruwan lemo da ratsin fari-fari. Ita Justin Brownlee, ɗan wasa haifaffen Amurka, yake bugawa a Manila, ita kuma Carlik Jones, haifaffen Cincinnati, ya riƙe sa'ad da ya ja Sudan ta Kudu a gasar kofin duniya ta 2023. Shi ya sa samarinmu suka nace sai Molten. Suna da gaskiya, amma Molten ɗin kashi-kashi ce, kuma a nan ake asarar kuɗi.

Wadda ake gani a talabijin ita ce BG5000, fata ce ta gaske, an yi ta don filin katako na cikin ɗaki. Kada a saya mata wahala. Simintinmu da yashin da iska ke zubawa a kai suna cinye fata kamar magagari, tun ba a je ko'ina ba ta yi sulɓi. BG4500 ma ta cikin ɗaki ce. Wadda ta dace da mu ita ce BG3800: fatar roba ce, an yi ta don ciki da waje, kuma yankanta 12 ne daidai da na BG5000.

Alherinta yana cikin waɗannan yankan. Layukan sun fi yawa, don haka duk yadda aka jefo maka ita, yatsu suna samun kwari da za su kama ba sai ka juya ta ba. Mai harbi daga bayan layin maki uku, wanda a dokar FIBA yake mita 6,75 ba 7,24 na NBA ba, zai ji bambancin nan take. Launi biyun kuma suna nuna juyin ƙwallo a sama, mai horarwa yana tsaye nesa ya gane ko yaro ya saki ƙwallo da yatsu ko da tafin hannu ya tura ta. Wannan kaɗai ya isa a ce kowane kulob ya ajiye ko da guda biyu.

Aibinta ƙura. A hunturu ƙura takan cika ƙananan ƙurajen jikinta, riƙo ya tafi, ƙwallo ta riƙa kufcewa. Maganin ba wuya: tsumma mai ɗan laima bayan kowane wasa, a bar ta ta bushe a inuwa. Ban da omo, ban da fetur ko kananzir, suna busar da fatar ta tsattsage. A share fili kafin a fara, musamman ƙarangiya da tsakuwa.

Iskar da ake ba ƙwallo ma tana kashe ta, ba siminti kaɗai ba. Kusa da bakin bawul an rubuta awon ƙarfin iskar da ake so, wajen bar 0,5 zuwa 0,6. A jiƙa allura kafin a soka, a soka ta a miƙe. Busasshiyar allura tana yaga bawul ko ta tura shi ciki, daga nan sai yoyo kullum. Kada a kai wa mai faci ya ba ta iskar injin taya, ƙarfin ya wuce kima, zaren ciki ya tsinke, ƙwallo ta yi ƙululu a gefe, kuma wannan ba ya gyaruwa. Famfon hannu ya wadatar. In babu ma'auni, a ɗaga ta mita 1,8 a sake ta, in samanta ya taso tsakanin mita 1,2 da 1,4 to ta yi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, iskar da aka ba ta da sassafe tana ƙara ƙarfi da la'asar, saboda haka a rage kaɗan, kuma kada a bar ta a rana ko a ɗaure a bayan babur.

Wajen saye a buɗe ido, jabu sun cika kasuwa. A ƙirga yankan, a duba tambarin FIBA ko ya fito tsaf, a jujjuya ta a yatsa a ga ko tana rawa, a shafa layukan a ji ko gam ya ɓullo. Lamba 7 ce ta maza, nauyinta wajen giram 600. Lamba 6 ta mata. Ƙananan yara lamba 5. In kuɗin ya yi arha fiye da hankali, a ajiye.

Ga makarantar da yara talatin ke raba ƙwallo ɗaya kullum, BG2000 ta roba zalla ta fi jure duka, ko da yake tana da tauri a yatsu. A yi atisaye da ita, a adana BG3800 don harbi da ranar gasa.