Aikin raga na tsiyayar fitsari: yadda nake bayan shekaru

Bayan haihuwata ta ƙarshe ne abin ya kama ni. Tari, atishawa, dariya a gidan biki, ɗaukar bokitin ruwa, sai in ji ɗumi a zane. Ba irin yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke jawowa ba ne, nawa sai ciki ya matsu yake zuba. Abin da ya fi ci mini rai alwala ce. In na sunkuya ruku'u hankalina ba ya kan salla, yana kan zanena.

Daga Tawa aka tura ni Yamai. Lokotoron ya fara sa ni atisayen matse tsokar ƙasa wata uku, ya ɗan rage amma bai tsaya ba. Sannan aka yi aikin: wata siririyar raga ta roba ake ratsawa ƙarƙashin hanyar fitsari, ta tallafe ta lokacin tari. Iri biyu ne, TVT da aka fara a Suwidin wajen 1996, da TOT da wani likitan Faransa, Delorme, ya fito da shi a 2001. Nawa TOT ne, mai fita ta matsematsi. Aikin kansa bai daɗe ba. Wahalar tana bayansa: mako shida ba daka, ba ɗaukar kaya, ba kusantar maigida. Wadda ba ta da mai taya ta aikin gida ta nemo kafin ta shiga.

Yau ina tari ba na ɗigo, ko lokacin hunturu da mura ta kama ni. A nan kam aikin ya biya kuɗinsa. Amma fitsari ba ya zuwa da ƙarfi kamar da, sai na zauna na jira mara ta sauke duka, kuma ciwon mara na sanyi ya fi yawan kama ni. Matsematsina na hagu ya yi watanni yana tsami kafin ya lafa. Sai kuma matsuwar nan ta gaggawa, wadda da ka ji ƙarar ruwan famfo sai gudu. Raga ba ta maganinta, da kwayoyi ake lallaba ta.

Abin da na ji haushi, ba a zaunar da ni an faɗa mini cewa ragar ba ta fita cikin sauƙi ba, nama ne ke kama ta. Daga baya na ji Ingila ta dakatar da aikin a 2018 saboda koken mata, kuma wani bincike na can ya nuna mata kamar 3 cikin 100 an cire musu ita cikin shekara 9. Ba yawa, amma wadda abin ya faɗa wa ba ta damu da lissafi ba.

Ƴar'uwa, in kina son ƙara haihuwa ki dakata tukuna. In kin gama, ki tambayi wa zai duba ki idan jini, ciwo ko ƙaiƙayin raga ya taso, don daga Tawa zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 500.