Wata Shida a Cibiyar Koyar da Sana'a ta Unguwarmu a Gombe

Bayan ƙanwata ta kammala sakandare ta shekara biyu a gida ba ta samu gurbin ci gaba da karatu ba, sai na kai ta wata cibiyar koyar da sana'o'i ta mata da matasa wadda ƙungiyar raya unguwarmu take gudanarwa a nan cikin garin Gombe. Yanzu da aka yaye su, na ga ya dace in bayyana abin da na gani, domin iyaye da dama sun tambaye ni ko wurin ya cancanci kuɗi da lokacin da ake kashewa a kansa.

Shiga ba ta da wahala. Ana sayen fom a kan kuɗi kaɗan, a haɗa da hoto da lambar NIN da sa hannun mahaifi ko miji, sannan mai unguwa ya shaida cewa mai neman gurbin ɗan unguwa ne. Mata suna zaɓar ɗinki ko saƙa ko haɗa sabulu da man shafawa da turaren wuta, samari kuma galibi gyaran waya da haɗa sola suke nufa.

Ƙanwata ɗinki ta zaɓa, kuma malamarsu ta san aikinta. Ba ta bar kowa ya hau keke ba sai da hannunsa ya faɗa a kan awo da yanka, kuma a takardar buhun siminti suka yi ta gwaji kafin a ba su atamfa. Inda aka samu cikas shi ne yawan ɗalibai ya fi ƙarfin kekunan, ta yadda yarinya za ta wuni ba ta taka keke na rabin sa'a ba. Akwai kekuna masu aiki da lantarki a jingine a bango sun yi ƙura, domin wuta ba ta zama, janareta kuma, a cewar masu kula da wurin, ba a cika tayar da shi ba tun da man fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a watan Mayun 2023.

Amma a ganina ba ɗinkin ne babbar ribar wannan cibiya ba. Duk ɗaliba sai ta riƙe littafin lissafi, ta rubuta abin da ta sayo da abin da ta sayar da wanda ya ci bashi, kuma ana nanata musu bambancin uwar kuɗi da riba har sai ya zauna. Wanda ya san yadda jarin matan unguwa yake ƙarewa a cefane da gudummawar biki zai gane nauyin wannan darasi. Sun kuma kafa wani adashe mai tsari, inda ake zuba kuɗi a akwati mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa, kuma daga ciki ake ba mai buƙata rance ta biya a hankali. A nan ne mahaifiyarmu, wadda da farko ta ce ɓata lokaci ne, ta fara sauya magana.

Zaman ranar Asabar kuwa shi ne abin da ban taɓa gani a irin waɗannan wurare ba. Ana tara mata da samari, kowane jinsi a ɓangarensa, a koya musu yadda ake tafiyar da al'amuran jama'a. An bayyana musu cewa duk wanda ya cika shekara 18 yana da damar yin rajista da hukumar INEC ya karɓi katin zaɓe, da cewa dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. An yi musu bayanin aikin kansila da na shugaban ƙaramar hukuma, da hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kason su kai tsaye, abin da ya shafi duka ƙananan hukumomi 11 na jiharmu. Da wata ɗaliba ta ce siyasa ba harkar mata ba ce, sai mai jawabin ta tuna mata cewa Hajiya Aishatu Jibril Dukku ta yi ƙaramar ministar ilimi, ta kuma wakilci Dukku da Nafada a majalisar wakilai. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a tsaya a kan manyan kujeru ba; an nuna musu ƙofofin da suke kusa, wato kwamitin kula da makarantar firamare da kwamitin mazaɓa mai sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi, waɗanda duka ana buƙatar mata a cikinsu.

Darasin bai tsaya a baki ba. Kowa ya san yadda zaizayar ƙasa take cin unguwannin Gombe da damina, kuma akwai wani kwari da ya fara cin hanyar da yara suke bi zuwa makaranta. Ɗaliban da kansu suka rubuta takardar koke, suka bi gida-gida neman sa hannu, suka miƙa ta ga kansila ta hannun mai unguwa, suka ajiye kwafi. Har yanzu ba a gina magudanar ba, sai buhunan yashi da matasa suka jera a aikin gayya, amma ƙanwata, wadda a da ba ta iya ɗaga ido a gaban manya, ita ce ta karanta takardar.

Sauran ƙorafina guda biyu ne. Babu wurin ajiye yara, saboda haka masu goyo da yawa suka daina zuwa tun kafin a yi nisa. Na biyu kuma ya fi ciwo: an yi wa ɗalibai alkawarin kayan fara sana'a ranar yaye, aka gayyato wani mai neman takara ya yi dogon jawabi, aka ɗauki hoto da kekuna, amma ƙalilan ne suka tafi da su gida, sauran aka ce su jira. Cibiyar da take koya wa mutane bin kadin haƙƙinsu bai kamata ta yi alkawarin da ba ya hannunta ba.

Ga mai niyyar kai 'yarsa, shawarata ita ce ya kai ta, amma ya tanadi wurin tela a kusa da gida inda za ta riƙa samun keke da yamma, kuma kada ya sa rai ga kyautar ranar yaye. Ƙanwata dai da rancen akwatin adashe da ɗan abin da muka cika mata ta sayi keken ɗinki wanda aka taɓa amfani da shi a babbar kasuwar Gombe, kuma kayan makarantar yaran maƙwabta take ɗinkawa a yanzu.