Guardians of the Galaxy: jarumai biyar, ragama a hannun ɗaya

Ɗan yayata ne ya kawo mini faifan wasan bidiyo na Marvel's Guardians of the Galaxy nan gidanmu a Jidda, yana ƙorafi: "Kawu, jarumai biyar ne, amma ɗaya kawai ake ba ka ka sarrafa. Kowa da ƙarfinsa, me za su yi da shugaba?" Muka saka shi a PlayStation 4 bayan isha'i, kuma sai da na kai ƙarshen babi 16 ɗinsa kafin na mayar masa.

Kamfanin Eidos-Montréal ne ya yi shi, ya fito a Oktoban 2021. Kai ne Star-Lord, shugaban jaruman biyar, wanda bai kai Drax ƙarfi ba, bai kai Gamora iya takobi ba. Aikinka ba da umarni: Groot ya ɗaure abokan gaba da saiwoyinsa, Rocket ya watsa musu bam. In ka ce kai kaɗai za ka yi ta harbi, za ka sha wuya.

Inda wasan ya kama ni shi ne bakin wani rami. Drax ya ce a bar shi ya jefa Rocket zuwa ƙetare, Rocket ya ce bai yarda ba. Na ba da izini don mu wuce da sauri, Rocket kuwa ya riƙe ni a zuciya, ya yi ta tuna mini. Shekara tara ke nan ina jagorantar masu dafa wa alhazai abinci a Makka lokacin hajji, na san wannan fushin sarai. Ka tilasta wa mutum a gaban abokansa, aikin ranar zai yiwu, amma ka rasa shi gobe. Haka ma in faɗa ya yi zafi: kana iya tara su, ka saurari abin da suke cewa, ka zaɓi kalmar da za ta ƙarfafa su. In ka dace, duka biyar su samu ƙarfi. In ka kuskure, kai kaɗai.

Aibinsa? Faɗace-faɗacen ƙarshe suna maimaita kansu, surutun ma ba ya yankewa. Kuma na mutum ɗaya ne, dole muka riƙa karɓa-karɓa. Duk da haka ya cancanci kyautar labari mafi kyau da ya ci a bikin karrama wasannin bidiyo na The Game Awards na 2021.

Yaron ya sake farawa daga babi na ɗaya. Da ya iso ramin, ya hana Drax taɓa Rocket.