Google Keep a hannun mai rubuta ƙagaggen labari: ta iya kamu, ba ta iya reno ba

Abin da ke zama labari ba ya jiran marubuci ya zauna a tebur. Wata baƙar magana ce da mace ta yaɓa wa mijinta a cikin mota, ko yadda wani dattijo ke ninke takardar asibiti gida huɗu kafin ya sa a aljihu. In ba a rubuta nan take ba, da dare sai a tarar ma'anar ce kawai ta rage, kalmomin sun gudu, alhali su ake bukata. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna Google Keep, manhajar ajiye gajerun rubuce-rubuce da Google ya fitar a 2013. Kyauta ce, tana aiki a Android da iPhone da kwamfuta.

Wajen sauri ba ta da laifi. A ɗora ɗan akwatinta a fuskar waya, taɓawa ɗaya an buɗe sabon shafi, kuma babu maɓallin adanawa, da kanta take ajiyewa. Ko babu intanet tana karɓar rubutu a waya, in layi ya dawo ta tura shi asusun mutum. Tana kuma iya zaro rubutun da ke cikin hoto, don haka sanarwar da aka manna a bango ko rubutun bayan babbar mota, hoto ɗaya ya wadatar. Rubutun hannu ne ke ba ta wahala.

Ɓangaren murya kuwa sai a hankali. Tana ɗaukar magana, ta mayar da ita rubutu, ta ajiye sautin a ƙasa. Matsalar ita ce da zarar mai magana ya ɗan yi shiru sai ta ɗauka ya gama, ta yanke. Wanda ke laluben jimla dole ya riƙa tsayawa, saboda haka sai a shirya maganar a ka tukuna, a faɗe ta a numfashi ɗaya. Cikin hayaniya tana kwafsa sunaye, don haka kar a goge sautin sai an gyara rubutun. Muryarka za ka ɗauka kana maimaita abin da ka ji. Naɗar hirar mutane ba da saninsu ba rashin mutunci ne, a wasu ƙasashen ma laifi ne.

Inda ta gaza shi ne bayan abubuwa sun taru. Babu manyan jakunkuna, sai laƙabi (wato label, sunan da ake liƙa wa shafi don rarrabewa) da launi, kuma yawan laƙabin yana da iyaka. Wasu masu amfani da ita suna yi wa kowane labari laƙabinsa, nan da nan su rikice, domin lokacin da aka tsinci abu ba a san labarin da zai shiga ba. Laƙabi huɗu sun fi aiki: magana, mutum, wuri, rikici. Kowane shafi ya ɗauki abu ɗaya tak, a sa kwanan wata a kansa, domin ranar gyara ta ƙarshe manhajar ke nunawa a ƙasan shafi.

Yadda aka rubuta shi ne komai. “Wani mutum mai rowa” ba zai amfani kowa ba bayan wata uku. “Yana kashe fitila in baƙo ya fara dogon zance” ya riga ya zama rabin fitowa a labari. A ƙara tambaya ɗaya a ƙasa: me yake tsoro, wa ya sani? A canja suna da sana'a tun a nan, kar mai abin ya gane kansa a littafi.

Shafi guda bai ɗaukar fiye da haruffa kusan 20,000, ke nan babi mai tsawo ba zai shiga ba. Sau ɗaya a mako a zauna a tace: abin da ya fara tsiro a kwafe shi zuwa Google Docs, akwai umarnin hakan a cikin manhajar. Sauran a tura su ma'ajiya, kar a jefa kwandon shara, domin abin da ya kwana 7 a can ya tafi ke nan. Mai son tsara babi-babi da jadawalin taurarin labari sai ya nemi wata manhajar daban.