Kafin a Sayi Takin Shinkafa a Zariya: Na Zamani, Na Gargajiya da Mai Rai

Da zarar damina ta zauna, manomin shinkafa a fadamun Galma ko gefen Shika yakan shiga zagayen shagunan taki a Sabon Gari da Samaru, kuma abin da ya fara tambaya shi ne nawa buhu. Ya fi masa amfani ya tambayi abin da ke cikin buhun, domin kowannensu kilo 50 ne a ma'auni, amma abincin da suke ba shuka ya sha bamban.

Lambobin da aka rubuta a jikin buhu su ne ke faɗin gaskiyarsa. Yuriya tana da kashi 46 cikin ɗari na sinadarin naitirojin, wato kilo 23 a buhu guda, kuma shi ne ke sa shinkafa ta yi gindi, ganyenta ya yi kore shar. Kamfa, wato takin da ya haɗa sinadarai uku, mai lamba 15-15-15 yana da kilo bakwai da rabi na naitirojin, da kwatankwacin haka na fosfet da na fotash, shi kuwa mai 20-10-10 yana da kilo goma na naitirojin da biyar-biyar na sauran biyun. Ke nan sai an haɗa buhu uku na kamfa 15-15-15 kafin a kusanci naitirojin ɗin buhun yuriya ɗaya. Duk da haka yuriya kaɗai ba ta riƙe gona, domin ba ta da fosfet ɗin da saiwa ke buƙata, ba ta da fotash ɗin da ke ƙarfafa kara. Wanda ya cika ta zai ga shinkafarsa ta yi tsawo da kyan gani, sannan iskar Satumba ta kwantar da ita cikin ruwa.

Lokacin zubawa ma yana cikin lissafin kuɗi. Kamfa na farko ne, wajen dashe ko cikin mako biyu bayansa, ita kuma yuriya a raba ta biyu, rabi lokacin da shuka ke yin gindi, rabi sa'ad da take shirin ɗaukar ciki. Idan aka watsa ta a fangalin da ruwa ke malala, wani kaso zai bi ruwa zuwa gonar maƙwabci, wani ya tashi sama. Saboda haka ne ake yin dunƙulen yuriya da ake binnewa cikin taɓo a tsakanin gindi huɗu, wanda yake cin ƙwadago amma yana rage asara. A shago kuma, mai saye ya duba ɗinkin bakin buhu, ya taɓa ya ji ko takin ya dunƙule saboda laima, ya kuma yi hattara da wanda ake aunawa da mudu, tunda ta nan gauraye ya fi shiga. Tun 2019 akwai dokar ƙasa kan ingancin taki, amma idon mai saye ne ke tsaye a bakin shago.

Takin gargajiya aikinsa daban ne. Ƙasar wannan yanki ta daɗe tana shan noma, ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta kaɗan ne, kuma irin wannan ƙasa ba ta riƙe takin zamani yadda ya kamata. Kashin shanu yana gyara jikinta, ta riƙa riƙe danshi, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, domin sai an tara fiye da tan guda kafin a kamo naitirojin ɗin buhun yuriya, ga kuɗin amalanke ko mota a kai. Kashin kaji ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ana samunsa a gidajen gonar kaji, amma a zura hannu cikin buhun tukuna, domin wani rabinsa garin katako ne. Kowanne aka zaɓa, a nemi wanda ya ruɓe, ya yi baƙi, ya huce, yana marmashewa a tafin hannu. Ɗanye yana ƙona dashe, na shanu kuma yana zuwa da irin ciyawa. Takin bola ne mafi arha, ni dai ba na ba da shawararsa ga fadama, saboda leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura da ke cikinsa, a wurin da mutum zai shiga taɓo ba takalmi.

Na ukun shi ne taki mai rai, wato ƙwayoyin halitta da ake sayarwa a ƙunshi ko kwalba, wasu suna jawo naitirojin daga iska, wasu suna narkar da fosfet ɗin da ya maƙale a ƙasa. A nan ake buƙatar natsuwa, domin abu mai rai yana mutuwa, kuma ƙunshin da ya sha zafin Afrilu a kan teburin kasuwa zai iya zama gari kawai. A duba ranar ƙarewar wa'adi, a kuma karanta amfanin gonar da aka yi shi dominsa. NoduMax, wanda cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, ke yi a Ibadan, na waken suya ne, ba ya aiki a saiwar shinkafa. Hanyar da mai shinkafar tudu zai ci moriyarsa ita ce ya shuka waken suya da shi bana, ya bar ganye da saiwar a gona, baɗi ya sa shinkafa a wurin.

Idan kuɗi bai isa duka ba, ga yadda nake ganin jerin ya kamata ya kasance: a fara tanadar yuriya da kamfa gwargwadon girman gona, a kai ruɓaɓɓen kashin dabbobi tun kafin huɗa don ya gauraya da ƙasa, sannan a gwada mai rai a fangali ɗaya ko biyu a kwatanta da na kusa da su ranar girbi. Wanda gonarsa ta kai hekta biyu ko uku, gara ya ɗebi ƙasarta daga wurare daban-daban ya kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a auna masa, kafin ya biya kuɗin buhu ko ɗaya.