Ƙarfin tarakta: awon PTO ko awon ja?

Tun 1920 Jami'ar Nebraska ta Amurka ke gwada taraktoci, kuma a yau awon ƙarfi iri biyu aka fi dubawa.

A na farko, ana haɗa dainamomita (na'urar auna ƙarfi) da sandar PTO, wato sandar bayan tarakta da ke juya wasu injuna, mai juyawa sau 540 ko 1000 a minti, na'urar ta riƙa danne ta kamar birki. Tarakta na tsaye, sakamakon ba ya rawa.

A na biyu, tarakta ce ke jan kaya bisa titin kankare, ana auna ƙarfin jan. Adadin kan yi ƙasa da na PTO, domin giya da sulɓin taya suna cinye wani kaso. Idan garma za ka ja, ni wannan awon na fi amincewa da shi. Mai injin casa kuwa, PTO zai duba.