Manhajar kwafin ajiya ta ƙi hawa: a gyara ta a cikin Windows, ko a ɗauki hoton faifai ta filashi?

Malam, na ga tambayarka tun jiya bayan isha'i. Ka ce shagon buga takardu gare ka a wani ƙauye kusa da Ringim, kwamfutarka HP ce ta hannu mai Windows 10, kuma a cikinta akwai rajistar ƙungiyar manoman riɗi ta shekara uku da takardun ɗalibai. Ka sauke manhajar kwafin ajiya, duk sanda ta kusa gama hawa sai ta koma baya ta nuna lamba 1603, har sau uku. Yanzu kana so ka sani: ka ci gaba da fama da ita, ko ka bi shawarar wanda ya ce ka tayar da kwamfutar daga filashi ka ɗauki hoton faifai, wato cikakken kwafin duk abin da ke cikin faifan ajiyar kwamfutar?

Duka biyun na yi su. Bari mu ajiye su kusa da juna.

Ta farko ita ce gyara a cikin Windows. Lambar 1603 ba ta faɗin ciwo, iyaka tana cewa aikin sakawa ya faɗi. Saboda haka sai an bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙauyukanmu ni daga saukewa nake farawa. Sabis yana yankewa, fayil ya sauka rabi, amma ka gan shi zaune kamar lafiyayye. Duba girmansa ka gwada da wanda kamfanin ya rubuta. Wasu manhajojin ma ɗan ƙaramin fayil suke fara ba ka, shi kuma ya jawo sauran daga intanet a lokacin sakawa. Irin wannan in sabis ya yi rawa ya gama. Nemi cikakken fayil wanda ba ya buƙatar intanet.

Sai agogon kwamfuta, abin da mutane da yawa ba sa kallo. Kwamfutocin hannu sukan zo da mataccen batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, sai ka ga kwanan wata ya koma shekaru baya. In kwanan wata ya karkace, kwamfuta kan ƙi yarda da takardar shaidar shafin da take jawo fayil daga gare shi. Gyara kwanan wata ka sake gwadawa.

Na uku shi ne ragowar tsohuwar manhaja. Irin waɗannan manhajoji suna dasa ɗan direba, wato wata ƙaramar manhaja mai aiki a ɓoye, tsakanin Windows da faifai, kuma in mai kwamfutar na farko ya taɓa saka wata, ko kai ka saka rabi ta faɗi, ragowar kan tare hanya. Cire duk wata tsohuwa, kashe kwamfutar ka kunna, ka dakatar da manhajar kashe bairos na ɗan lokaci, ka tabbata akwai fili a C, wato ɓangaren faifan da Windows ke zaune, sannan ka danna fayil ɗin da maɓallin dama ka zaɓi Run as administrator. In lambar ta koma 1618, wani aikin sakawa ne ke gudana a ɓoye, galibi sabuntawar Windows, jira kawai ya gama. In duk an yi ba ta hau ba, umarnin sfc /scannow yana duba fayilolin Windows da suka lalace ya gyara.

Ka lura, ko ta hau ba a gama ba. Domin ta kwafi faifai kana cikin aiki, tana dogara da wani sashe na Windows da ake kira VSS, wanda ke tsayar da hoton faifan na ɗan lokaci. In wannan sashen ba shi da lafiya, za ta hau lafiya lau amma ta faɗi ranar kwafi na farko. Ita ma hanyar ɗaukar hoto da Windows ta zo da ita a cikin Control Panel a kansa ta dogara, don haka ba mafaka ba ce in ciwon daga nan yake.

Me wannan wahalar za ta saya maka? Abu mai kyau ƙwarai. Manhajar da ta zauna a cikin Windows za ka iya sa mata lokaci, kullum bayan la'asar ta kwafi abin da ya canza kaɗai, cikin mintuna kaɗan, kana ci gaba da sallamar mutane. Ga mai rajistar da ake ƙara wa suna kowace ranar kasuwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ta biyu ita ce filashi. A nan ba a saka komai a kwamfutarka. Ana rubuta Clonezilla ko Rescuezilla, manhajojin ɗaukar hoton faifai, a kan filashi da ƙaramar manhajar Rufus, a kunna kwamfutar daga gare shi. A HP ana danna Esc sannan F9, a Dell kuwa F12. Linux, wata babbar manhaja takwarar Windows, ce za ta tashi, Windows tana kwance ba ta motsi, don haka babu 1603, babu VSS, babu manhajar bairos da za ta tare. Clonezilla daga wata cibiyar binciken kwamfuta ta ƙasar Taiwan ta fito, kyauta ce, nauyinta bai kai giga ɗaya ba, amma duk rubutu ne da tambayoyi masu rikitarwa. Rescuezilla ta fi ta nauyi, ta haura giga ɗaya, sai dai ana danna ta da linzami, kuma tana buɗe hoton da Clonezilla ta ɗauka. Wanda bai taɓa yi ba, Rescuezilla nake ba shi.

Ita ma tana da nata nauyin. Muddin ana kwafi shago a tsaye yake, kuma kowane lokaci hoton faifan gaba ɗaya ake ɗauka, ba abin da ya ƙaru kaɗai ba. Babu mai yin haka kullum. Rufus zai share duk abin da ke kan filashin, ka kwashe kayanka tukuna. Kana buƙatar faifan waje mai isasshen fili, kuma ranar mayar da hoto, ƙa'idar Clonezilla ita ce faifan da za a zuba wa kada ya gaza na asali girma. Babban haɗarin shi ne sunaye: a can ba C ko D, sai sda da sdb. Ka gane faifanka da girmansa da sunan kamfaninsa, ka karanta sau biyu kafin ka amince, musamman wajen mayarwa, domin wanda ya juya su ya shafe abin da yake son ceto. Kafin ka fara, riƙe Shift lokacin da kake kashe Windows don ta mutu sosai. In ba haka ba rabin barci take yi, manhajar tana iya ƙin taɓa faifan.

Maganar wuta ta shafi duka biyun amma ta fi cizo a nan. In sola gare ka, yi da tsakar rana. In janareto ne, cika tanki kafin ka soma. Wuta ta ɗauke ana ɗaukar hoto, hoton ne kawai ya lalace, a sake. Ta ɗauke ana mayarwa, kwamfutar ba za ta tashi ba sai an maimaita aikin daga farko.

To wacce? A ganina tambayar ta jeri ce, wacce za a fara. Duk gyaran hanya ta farko, cirewa da sakawa da sake kunnawa, a kan faifan da ba shi da kwafi ko ɗaya ake yin sa. Kuma wani lokaci manhaja tana ƙin hawa ne don faifan kansa ya fara gajiya. Na taɓa ganin haka a shagona: kwana biyu ina bin lambar kuskure, na sa umarnin chkdsk /r ya kwana yana karanta faifai lungu-lungu, da safe kwamfuta ta daina ganin faifan. Takardun mutane ne suka tafi, kuma ni na tsaya gabansu na yi bayani. Ba na so hakan ta same ka da rajistar manoma, wadda in ta ɓace sai an bi gida-gida.

Saboda haka yau ɗin nan, kafin komai, ka kwafi rajistar da takardun ɗalibai da hannu zuwa wani filashi daban. Sannan ka nemi CrystalDiskInfo, akwai wadda ake buɗewa ba tare da sakawa ba. Tana karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa da kansa. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa ya kusa tafiya. Kowane launi ta nuna, ɗauki hoto ta filashi. In shuɗi ne, koma ka bi gyaran 1603 da kwanciyar hankali, domin ita ce za ta riƙe ka yau da gobe. In rawaya ne ko ja, ka bar maganar manhaja, ka sayi sabon faifai ka zuba hoton a kai.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka karɓi fasasshiyar manhaja, wato wadda aka fasa kullenta don kada a biya kuɗi, daga hannun masu tura fayil. Kamfanin Macrium, mai yin manhajar kwafin ajiya, ya daina sigarsa ta kyauta tun farkon 2024, kuma Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka kwamfutarka ba ta da garkuwar da take da ita da. Manhajar da za ka ba ikon karanta faifanka gaba ɗaya, daga shafin masu ita kaɗai ya kamata ta fito.

Faifan wajen kuma ka riƙa tafiya da shi gida in ka rufe shago, cikin leda saboda ƙura. Turo mini girman fayil ɗin da ka sauke da launin da CrystalDiskInfo ta nuna, daga nan sai mu san inda za mu kama.